Bakancen Inna Odil

Duk wanda ya daɗe a Dakoro ya san Inna Odil. In bai san ta ba, to uwarshi ta san ta. Mutuniyar Benin ce, Kirista 'yar Katolika, ta zo garin tun da ƙuruciyarta da aikin sajifam, mai karɓar haihuwa a likita. Mijinta makaniki ne, shi ma mutumin can, nan ya mutu, nan aka rufe shi. Ta daɗe da aje aiki, amma ba ta koma ƙasarsu ba. In an tambaye ta dalili sai ta ce, "Rabin garin nan ni na yanke masu cibiya. In tahi in bar ma wa su?"

Danga guda ce tsakanin gidanta da na Suwaiba, matar Sha'ibu mai awon hatsi. Ɗiyan Suwaiba duka a hannun tsohuwar suka faɗo. Ta saman dangar nan ake miƙa gishiri, a miƙa garwashi, a miƙa naman layya. Ran Nowel kuma, sallar Kirista, shinkafa ta tsallako daga can, da kazar da Inna Odil ke aiko ma Sha'ibu tun da safe shi yanka mata, don kowa shi iya ci.

Ita Suwaiba mace ce marar son zama. Fura take yi ta sayarwa, tana da awaki, tana da 'yar gonarta bayan gari. Ba ta yi nisa a lakwal ba, wato karatun boko, amma salla ba ta wuce ta, kuma in ta ce za ta yi abu, ka ɗauka an gama.

Ɗa guda gare Inna Odil, sunanshi Paskal. Ya bi samarin gari ya tahi Libiya neman na kai. Da farko shina kira, daga baya waya ta ɗauke ɗif. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har mutane suka bar tambayarta labarinshi don kar su fama mata ciwo. Cikin wannan halin ne, wata rana da hantsi Suwaiba na daka, tsohuwar ta leƙo ta saman danga.

"Ɗiyata, aje taɓaryar nan ki zama shaida."

"Shaidar mi, Inna?"

"Can ƙasarmu akwai wani gari, ana ce mishi Dasa. Akwai dutse bayan garin, muna zuwa ziyara duk damina, wurin Maryama uwar Isa. Na yi bakance tsakanina da Allah. Ranar da na ji muryar yaron nan da kunnena, zan hau dutsen nan da ƙafata har ƙoli. Da ƙafata na ce, kin ji?"

"Na ji. Allah shi sa ki ji shi."

Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da dakanta.

To, Allah mai yin yadda ya so. Bana ana jiran ruwan shuka, waya ta yi kuka a ɗakin tsohuwar, ashe Paskal ne. Kurkuku aka rufe shi can, ya fito, ya samu aikin gini, lahiyarshi lau. Da Inna Odil ta ji muryarshi, sai ta miƙo wayar ta saman danga. Suwaiba ce ta yi mishi faɗan da ya kamata.

Da murna ta lafa, sai ga bakance tsaye. Matar da ta yi alkawarin kuwa ba ita ce yanzu ba. Gwiwoyinta sun kumbura, daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai da sanda, sai da hutu. Danginta duka suna Benin, kuma ba wanda zai baro aikinshi shi zo har Dakoro ɗaukarta.

"In ban je bana ba, baɗi ba ni iyawa," in ji ta. "Ba ni son in kwanta da maganar nan a wuyana."

Suwaiba ta koma bakin aikinta. Bayan la'asar ta samu mijinta shina kakkaɓe buhunna a zaure.

"Malam, tsohuwar nan ba ta iya kai kanta ko tasha. Ni zan raka ta."

Sha'ibu ya dube ta. "Wurin ibadarsu fa za ta."

"Na sani. Rakiya zan yi. In kai ta bakin ƙofa, danginta su karɓe ta, ni in tsaya waje. Ba ni shiga, ba ni kallon gumakansu."

"Gonarki fa? Ga maimai ya taso."

"Ɗiyarka Haula da ƙannenta na nan. Ba cin tuwo kaɗai suka iya ba."

Ya ninke buhun da ke hannunshi. "Haƙƙin maƙwabtaka ne. Allah shi kai ku lahiya."

Motar Maraɗi suka shiga da sassafe. Daga can suka kama babbar kar, motar fasinja mai yin yamma, Ƙwanni, Dogondutsi, Doso, har Gaya bakin kogin Kwara. Suwaiba ta yi guzuri irin na mutanen arewa: dawo busasshe, ƙuli-ƙuli, tabarmar salla, buta, da bido, babbar jarka, cike da ruwan pampon unguwarsu. Ita a saninta mutum ba shi barin gida ba ruwa. Kowane yaron mota da ya ɗaga bidon sai ya yi tsaki, ita kuma ta ce mishi shi aje shi inda idonta ke gani.

Da suka haye kogi suka nausa kudu, sai ƙasa ta sake kama. Ruwa a rami, ruwa a gefen hanya, ruwa shina zubowa daga sama safe da yamma, yara na wanka a kududdufi ba mai korarsu. Inna Odil ta zunguri bidon da sandarta.

"Kin ɗauko ruwa daga Dakoro kin kawo ma masu ruwa. Zubar da shi mu samu wurin miƙe ƙafa."

"Ba a zubar da ruwa, Inna."

"Ko ana ruwan sama?"

"Ko cikin kogi nike."

Abin da ya fi tsaya mata a rai kuwa ciyawa ce. Ga ta nan dama da hagu, kore shar, ta fi mutum tsawo, mota na ta gudu ba ta ƙare ba. Suwaiba ta yi ta leƙe ta taga tana neman garke, ba ta ga sai 'yan awaki gajeru masu tumbi, ɗaure da igiya.

"Inna, ina dabbobin mutanen nan? Wa ke yankan wannan ciyawa?"

"Ba kowa. Da rani wuta suke sa mata."

Suwaiba ta juyo gaba ɗaya ta dube ta, ta ga ba wasa take ba. Ta tuna yadda take bin masu amalanke da rani tana roƙon ƙunshin ƙaiƙayi da harawa. "Da Intalla mai kiwon awakinmu ya ga wannan, da sai ya zauna ya yi kuka," ta ce. "Allah ya ba wasu ciyawa, ya ba wasu baki."

Dasa gari ne da duwatsu suka kewaye, manya-manya, baƙaƙe, itatuwa sun fito ta tsakaninsu. Sun tarar garin ya cika maƙil. Motoci daga ko'ina, mata ƙungiya-ƙungiya da atamfa iri ɗaya mai hoton mace da mayafi, suna tahe suna waƙa, masu sayar da kyandir da carbi sun jeru, masu garin rogo sun tara buhunna kamar ganuwa. A cikin hayaniyar nan Suwaiba ta ji wani shina cewa "zafi-zafi" da Hausa. Ta waiga, mahauci ne mutumin Madawa shina gasa tsire. Shi ya nuna mata masallacin zango, ya nuna mata alƙibla, ya ƙara mata da albasa kyauta. Hankalinta ya kwanta.

Gidan Bernadet suka sauka, ɗiyar ƙanen Inna Odil, malamar lakwal, mace mai fara'a da saurin magana. Ba ta jin Hausa, Suwaiba kuma ba ta jin Faransanci sai gaisuwa, don haka tsohuwar ce tafinta. Suwaiba ta lura Bernadet na iya yin magana mai tsawon igiya, Inna Odil ta juyo ta ce, "Ta ce sannu."

Da yake da sauran kwana kafin ranar hawa, Bernadet ta ɗauke su a bayan wata motar ɗaukar kaya zuwa ƙauyen kakanninsu. Hanya ja, gonakin rogo da doya da masara, mangwaro ba mai tsaro. Inna Odil ta zauna gindin bishiya tsofaffi suka zagaye ta, ana ta lissafin wa ya mutu wa ya rage. Suwaiba ba ta iya zaman ba. Ta bi hayaƙi ta samu mata a rumfa suna toya garin rogo cikin wani faffaɗan kasko, ta tsaya ta kalli yadda suke juya shi da sakaina, ta ɗaure gyale a ƙugu ta karɓa. Na farko ya ƙone, matan suka yi ta dariya suna tafa hannu. Na biyu ya yi kyau. Ta dama masu dawonta da nono, suka kurɓa suna yatsine fuska, sai ga shi sun shanye ƙwaryar har suna sa yatsa. Ba wadda ta ji maganar wata, amma da za su tashi sai da aka cika mata ƙullin gari a bakin zane.

Ranar hawa aka tashi da yayyafi, ya ɗauke da hantsi. Suwaiba ta rako tsohuwar har bakin ƙofar filin ziyarar. Daga nan ana hango kogon dutse da mutane suka durƙusa gabanshi, ana hango wata siririyar hanya da ta bi ta gefe ta haye sama, mutane na binta a jere, nan da can an kafa gicciye. Suwaiba ta sadda kai, ta shimfiɗa tabarmarta gindin wani mangwaro wajen ƙofa.

"Iyakata ke nan, Inna. Allah shi ba ki sa'a."

"Tsare mani takalmana," in ji tsohuwar. Ta tuɓe su, ta kama hannun Bernadet suka shiga.

Daga inda take zaune Suwaiba na ganin gindin hanyar. Ta ga wasu samari ƙarfafa sun zo da kujerar roba, Bernadet na nuna ma tsohuwar ita tana ta bayani da hannu biyu. Ta ga Inna Odil ta ɗaga sanda kamar za ta kai duka, samarin suka ja baya suna dariya. Ta ga tsohuwar ta dafa sanda ta soma hawa ita kaɗai. Taku kaɗan ta yi, inda hanyar ta fara miƙewa, gwiwa ta ƙi. Ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta koma inda ta fito. Ta sake, haka. Daga nan ta zauna kan wani dutse, mutane na ratse ta suna wucewa, Bernadet tsaye kanta, samarin sun sake matso da kujera.

Ba ta yi kuka ba. Ta dai zauna ta ɗora hannu biyu kan sanda tana kallon ƙasa. Suwaiba ta san wannan zaman, shi tsohuwar ta yi shekaru tana yi a ƙofar ɗakinta.

Ta ciro waya daga lalita ta kira Sha'ibu.

"Malam, kun kwana lahiya? An yi ruwa?"

"An yi jiya, ƙasa ta sha. Ya tsohuwa?"

"Ta kasa. Tana zaune gindin dutsen. Sun kawo kujera su ɗauke ta, ta ƙi, ta ce da ƙafarta ta yi alkawari. Kuma gaskiyarta, a gabana ta faɗa."

"To mi kike so ki yi?"

"Na ce maka ba ni shiga."

"Ke kika faɗa, ba ni na sa ki ba." Ta ji shi shina magana da wani can gefe, sannan ya dawo. "Suwaiba, ni ina cikin gero. Ke ce ke ganin dutsen."

Ta mai da wayar. Ta ɗan zauna tana kallon yatsun ƙafarta. Ta ce a ranta, Allah ka san abin da ya kawo ni, ka san wanda nike ma sujada. Ta naɗe tabarma, ta kai ma mahaucin nan ajiya tare da takalman tsohuwar da nata, ta zaro zane guda mai ƙarfi daga jaka, ta yi bismilla ta shiga.

Suwaiba 'yar arewa ce, can wajen Tagris aka haife ta, inda in ka leƙa rijiya ba ka ganin ruwa sai duhu. Can ba hannu ke jan guga ba, sa ne. A ɗaura mishi igiya, yarinya ta kora shi, shi yi ta tahiya cikin rairayi, wasaki cike da ruwa shina tasowa a hankali har bakin rijiya. Ita ta yi wannan korar tun ba ta iya ɗaura zane ba.

Ta tsaya gaban tsohuwar tana murɗa zanen kamar igiya.

"Tashi, Inna."

Inna Odil ta ɗago. "Mi kika shigo yi? Kin ce iyakarki ƙofa."

"Na ce. Ɗaga hannuwanki."

"In ɗaukata za ki yi, koma. Ba wanda zai ɗauke ni."

"Wa zai ɗauki wannan rigima? Ƙafarki ce za ta taka ƙasa, kowane taku. Ni ja kawai zan yi."

Ta zagaya zanen ta bayan tsohuwar, ƙarƙashin hamata, ta ƙulle a ƙirji yadda ba zai zarge ba. Ta ɗaura ɗaya bakin a nata ƙugu ta ja ta ji ya kama. Ta nuna ma Bernadet bayan gwaggonta da hannu, ta nuna mata ta ware hannuwa amma kar ta taɓa. Bernadet ta soma wata doguwar magana.

"Mi ta ce?"

"Ta ce sannu."

"To ki saurara. Ni ba ni waiwaya. Ke ce mai bakin rijiya. In kin ce ja, in ja. In kin ce tsaya, in tsaya. Kar ki zauna, ko kin gaji ki huta a tsaye, in kika zauna ba ki tashi."

"Yau ni aka mayar guga," in ji tsohuwar. Ta dafa sanda ta miƙe. "Ja."

Suwaiba ta sunkuyar da kai, ta kafa yatsun ƙafa a dutse, ta jingina nauyinta gaba. Ba fizga, sa mai hankali ba shi fizga. Zanen ya miƙe, ya yi tauri, sai ta ji nauyin ya taso ya biyo ta. Taku guda. Ta sake jinginawa. Wani takun.

Mutanen da ke kusa suka fara dariya, wasu suka ɗaga waya. Da suka ga tsohuwar na hawa da gaske sai dariyar ta koma wani abu, suka buɗa masu hanya, wata ƙungiyar mata ta biyo bayansu ta ɗauki waƙa a hankali. Suwaiba ba ta bi hanyar a miƙe ba. Ta riƙa karkatawa dama, ta karkata hagu, yadda ake hawan tudun rairayi da kayan itace a kai.

A gicciye na farko tsohuwar ta ce, "Tsaya." Suwaiba ta tsaya. Da yake ita ce gaba, gicciyen na bayanta, abin da ke gabanta sai dutse da sararin Allah. Tana jin tsohuwar na ƙus-ƙus da carbinta, ita ma sai ta kama nata a gaɓoɓin yatsu, istigfari da salati. Kowa da nashi, zane guda ya haɗa su. Da aka jima ta ji "Ja," ta ja.

Haka suka yi ta yi. Kowane gicciye hutu ne, kuma Suwaiba ta gode ma wanda ya jera su kusa-kusa. Rana ta fito, dutsen ya fara tururi, gumi ya jiƙe mata riga. A wata tsayawa wani mutum mai doguwar farar riga ya zo ya tsaya gefensu, ya tambayi tsohuwar wani abu da yarensu, ta ba shi amsa, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗan rusuna ma Suwaiba ya wuce.

"Wane ne?"

"Limaminmu ne. Ya ce wace ce ke."

"Kika ce mi?"

"Na ce jakin maƙwabta na aro."

"Sa dai, Inna. Ki ba ni girmana."

"Sa ba shi da baki haka. Ja."

Da suka yi sama sosai hanyar ta tsuke, ƙasa ta ƙare, sai dutse zalla mai santsi, ruwan safe na bin shi siriri. Suwaiba ta taka ta ji shi da tafin ƙafa, ta zaɓi inda ke da kaushi. Tana cikin ja sai zanen ya fizge ta baya da ƙarfi. Ta ji sanda ta faɗi tana gangarawa, ta ji Bernadet ta yi ƙara. Gwiwoyinta suka bugi dutse, ta kifa ta kafa hannu biyu, ta riƙe. Zanen ya shige mata cikin ciki kamar zai raba ta biyu. Ba ta ja ba, ba ta saki ba. Ta san in sa ya ja baya taku guda, wasaki ne ke tahiya da shi.

"Inna, kina tsaye?"

Sai numfashi.

"Kina tsaye ko kin faɗi?"

"Ina tsaye. Yarinyar nan ta tare ni." Muryar ta yi ƙasa. "Ɗiyata, kwance ni. Na gaji. Allah ya ga na yi iyakar yi na."

Suwaiba ta ɗaga kai. Daga inda take durƙushe tana ganin ƙolin, ga babban gicciye can, ga mutane zazzaune, bai fi daga ɗakinta zuwa bakin titi ba.

"Ba a kwance wasaki a tsakiyar rijiya," ta ce. "Huta. Ba mai korarmu."

"Gwiwar ta mutu."

"Wacce?"

"Ta hagu."

"To ta dama za ta yi gaba, ta hagu ta biyo ta. Haihuwar Haula da na ce maki na gaji, mi kika ce mani?"

Tsohuwar ta yi wani sauti, tsakanin tari da dariya. "Na ce ki rufe mani baki ki yi nishi."

"To."

Wata daga cikin matan nan ta gangara ta ɗauko sandar ta kawo. Suka tsaya nan har numfashin tsohuwar ya daidaita. Suwaiba ba ta miƙe ba, ta ga a durƙushe ta fi ƙarfi. Da ta ji "Ja," sai ta rarrafa da hannu da gwiwa, zanen na biye, tana ji a ƙugunta kowane taku da aka yi a baya, na dama mai ƙarfi, na hagu shina jan ƙasa. Matan suka daina waƙa, sai tafi a hankali, taku guda tafi guda.

Sai ta ji zanen ya yi sako-sako. Ta dafa ƙasa, ƙasar a shimfiɗe take.

Ta miƙe, sannan ta waiwaya. Inna Odil na tsaye a kan ƙoli da ƙafafunta, ɗankwali ya zame, furfura a waje, bakin yatsanta guda na jini. Ƙullin ya tamke ta kasa kwance shi, Suwaiba ta kwance mata. Tsohuwar ta dafa sanda ta ƙarasa gindin gicciyen ita kaɗai, Bernadet ta taimaka mata ta zauna, tunda durƙuso ba shi yiwuwa.

Suwaiba ta koma gefe ta zauna kan wani faffaɗan dutse, ta ba su baya. Iska na kaɗawa mai sanyi. Ga garin can ƙasa, rufin kwano ja da fari, ga hasumiyar masallacin zango, ga titi da motoci kamar tururuwa. Bayan garin kuwa kore ne har inda ido ya tsaya, duwatsu sun ɗago kai nan da can, hadari na zuba a wani wuri can nesa, rana na haska wani. Ta duba gwiwoyinta, sun ɗaye kaɗan. Ta tofa yawu ta shafa. Ta ce alhamdu lillahi, ta miƙe ƙafa, ta bar iska ta busar mata da riga.

An jima ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Tsohuwar ta zo ta zauna kusa da ita, idonta ja, fuskarta kuwa sake kamar ta wadda ta tashi daga barci.

"Na sauke," ta ce.

"Madalla. Allah shi ba da lada ga mai ita." Suwaiba ta dubi hanyar da suka biyo, ta ga yadda ta gangara. "To saukar fa? Ja ba shi yi a gangare, sai dai mu mirgina tare."

Inna Odil ta gyara ɗankwali. "Hawa na ce. Ban ce komi a kan sauka ba."

Suwaiba ta dube ta, ta girgiza kai. Ta warware zanen ta kakkaɓe, ta juya ta durƙusa gabanta.

"Hau."

Bernadet ta taimaka aka ɗora ta. Suwaiba ta yafa zanen ta ɗaure sama, ta ɗaure ƙasa, ta miƙe ta ɗan girgiza ta don ta zauna daidai.

"Ashe ba ki da nauyi. Duk baki ne."

"Kula da hanya, sarkin surutu. Kin ga dutsen can mai kai biyu? Bayanshi aka haifi uwata. Akwai wani rafi nan, muna kamun kaguwa, ni ce gwanar. Yi sauri kar azahar ta wuce ki."

"Da saura. In kin bar motsi mun kai."

Suka kama gangara, masu hawa na ba su hanya, wasu na taɓa ƙafar tsohuwar suna yi mata barka. Ita kuwa tana ta nuni ta saman kafaɗar Suwaiba, waccan gonar wane ce, waccan kasuwa ce da, can aka taɓa ganin damisa. Kafin su kai rabi maganar ta fara tsinkewa, sannan ta ɗauke. Kan tsohuwar ya kwanta mata a wuya, numfashi na fita a hankali.

Suwaiba ta yafito Bernadet ta zare sandar daga hannun da ya saki. Ta ƙara tamke ɗaurin ƙirji, ta ci gaba da sauka tana duba inda za ta sa ƙafa.